Kwanon Baba Hedimasta

A lungunmu na cikin birnin Zazzau, magidanta ba sa cin tuwon dare a cikin gida. Da an sallame sallar magariba sai a shimfiɗa tabarma a ƙofar zaurenmu, kowa ya fito da kwanon gidansa, a jera a tsakiya, a riƙa buɗewa ɗaya bayan ɗaya ana ci tare. Ciyayya ke nan. Na taso na tarar da ita, kuma ban taɓa zaton wata rana zan riƙa jin faɗuwar gaba in na ji ana karkaɗe tabarmar ba. Ba a tambayar me ke cikin kwano a wurin, ba a kushe girkin gidan wani. Kwanon da aka buɗe kuwa kowa sai ya sa hannu, ko da loma biyu ce. Wanda ya janye hannunsa daga kwanon mutum, kamar ya ce masa gidanka ba tsabta ne, ko ma abin da ya fi haka muni.

Mace ba ta zama a wannan tabarma, amma na san ta ciki da bai, don tukunyar gidanmu a hannuna take. Innarmu ta daɗe da rasuwa. Ni ma da mijina ya rasu na gama takaba, sai na kwaso kayana na dawo gida. Da safe in tafi firamaren da nake koyarwa, da yamma in shiga madafa. Baba ɗinkin babbar riga yake yi, ya haura saba'in amma har yau shi ke zura wa kansa zare a allura. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa yake ce mini Uwata, kuma wannan ya ba ni damar yi masa faɗan da ƙannena ba su isa su yi ba. Ina yi kuwa, ba na ragawa. Shi ma ba ji yake yi ba.

Abin ya fara ne kamar wasa. Wata rana ya shigo daga ciyayya yana susar wuya, leɓensa na sama ya kumbura suntum. Na haska shi da fitilar waya, na ga borin jini ya feso masa ruɗu-ruɗu a hannuwa da ƙirji. Na shafa masa manja, na aika aka sayo ƙwayar ƙaiƙayi a kemis, kafin gari ya waye kumburin ya sace. Har tsokanarsa na yi, na ce wace bazawara ce ya yi wa alkawari ya saɓa. Ya ce in ma akwai ta, ai baƙin halina ne ya kore ta.

Ya sake yi, ya sake sacewa. Karon da ya biyo baya kuwa babu wanda ya yi dariya. Ya shigo yana dafa bango, ya buɗe baki zai kira ni muryar ta ƙi fita, sai wani siririn fito da nake ji a ƙirjinsa duk sanda ya ja numfashi. Lungunmu mota ba ta shiga, ko keke mai ƙafa uku sai dai ya tsaya a bakin titi. Haka na riƙo shi muna tafiya muna tsayawa, ina jin nauyinsa yana ƙaruwa a kafaɗata. A asibitin unguwa aka yi masa allura aka sa masa iska. Likitan ya ce wani abu ne yake ci da jikinsa bai yarda da shi ba, kuma in ba a gano ko mene ne ba, wata rana ba za mu iso da shi a kan lokaci ba. Bai ɗaga murya ba da zai faɗa, yana cire safar hannu ne ma. Tun daga ranar barcina ya zama rabi da rabi.

'Yan dubiya kowa da abin da ya zo da shi. Wasu suka ce sammu ne, wasu suka ce iska ya gamu da ita a gindin tsamiya, ƙannena da ke Kaduna suka riƙa turo mini maganganun da suka tsinta a waya. An yi rubutu ya sha, an yi hayaƙi. Ni kuwa tukunyata na fara tuhuma. Na cire daddawa, na cire busasshen kifi, na cire gyaɗa, har miyata ta koma kamar ruwan wanke ludayi. Baba ya ce ina so in sa a ce gidansa ba a iya girki ba. Na ce a faɗa mana, da ransa dai za a faɗa.

A hankali na lura da wani abu. Kokon safe ba ya yi masa komai. Abincin rana da nake zuba masa a ɗaki ba ya yi masa komai. Sai dai na tabarma, shi ma ba kullum ba. Na same shi yana ɗinki a inuwar zaure na tambaye shi a kwanon wa yake fara jin ƙaiƙayin. Bai ɗago ba. Ya ce shi bai saba cin abinci yana leƙen gindin kwano ba. Na san Baba. In bai san abu ba, surutu yake yi a kai har ka gaji. In ya gajarta magana, to ya sani.

Aka tura mu babban asibiti, wurin wata likita da ke duba irin wannan ciwo. Da Turanci "alaji" ta kira ciwon. Ta sa ya daina shan ƙwayar ƙaiƙayi na wasu kwanaki, don tana ɓoye abin da ake son gani, ta kuma ce ranar da za mu dawo in zo da ɗan kaɗan daga duk abin da ke shiga tukunya a unguwarmu. Na ƙulla su a leda ɗai-ɗai: gyaɗa, riɗi, daddawa, ƙwai, madara, waken suya, busasshen kifi. Ta ce in haɗa da busasshen jatan lande, wanda a kasuwa ake ce wa kirefish. Na ce mu ba ma sa shi, tun zamanin Innarmu bai taɓa shiga gidanmu ba. Ta ce in dai kawo.

Ranar gwajin ta sa ya naɗe hannun riga, ta yi alamomi da biro daga wuyan hannunsa zuwa gwiwar hannu. Baba ya duba ya ce zanen bai miƙe ba, da a wurinsa take koyon aiki da ta sake. Ta yi dariya, ni ban yi ba, don na ga an turo wani ɗan teburi kusa da mu da allurai a jere da tukunyar iska. Ta riƙa jiƙa kowane abu, ta tsikare shi da tsinin wata 'yar allura, sannan ta tsikari fatarsa da ita, ko jini ba ya fitowa. Akwai ɗigo ɗaya na ruwan gishiri wanda bai kamata ya tashi ba, da wani wanda dole ya tashi, don a san fatar tana amsawa. Sai aka ce mu jira. Na zuba wa hannun nan ido. Wurin gyaɗa shiru, wurin kifi shiru, daddawar da na yi ta zargi ita ma shiru. Wurin jatan lande ne ya fara ja, ya taso, ya yi ta faɗi har ya kusa taɓa alamar da ke kusa da shi. Baba ya kai ɗaya hannun zai sosa, ta riƙe.

Ya ce shi ko teku bai taɓa gani ba, ina ya haɗu da dabbar teku har suka yi gaba? Ta ce ba sai ya je ba, tekun ce ta zo masa a buhu. Ta yi mana bayani a hankali. A cikin tsokar jatan lande da kaguwa da danginsu akwai wani sinadari da jikin wasu mutane ke ɗauka a matsayin abokin gaba, kuma yana iya somawa da girma, ko da mutum ya taɓa ci a baya lafiya. Dafuwa ba ta kashe shi. Ko an shanya an daka ya zama gari yana nan, kuma abin da ya maƙale a ludayi ma ya isa. Kifi jinsinsa daban, zai iya ci, amma in guji mai awon da ke auna su da mudu ɗaya, in kuma daina kai markaɗe injin da kowa ke kaiwa. Ta ƙara da cewa irin wannan sinadari akwai shi a jikin kyankyaso da wasu ƙwari, don haka ya haƙura da fara. Nan ne kawai na ga ran Baba ya ɓaci. Numfashinsa da ya kusa ɗaukewa bai dame shi kamar soyayyar fara da yaji ba.

Aka ɗebi jininsa za a aika wani wurin a ƙara tabbatarwa, sakamakon da ya dawo daga baya kuwa bai canza komai ba. Kafin mu tashi ta ce irin wannan ciwo ba ya jinkiri, yawanci tun ana cikin ci baki ke fara ƙaiƙayi, don haka shi mai ciwon ya fi kowa sanin inda yake. Ta tambaye shi a wane abinci yake ji. Ya ce Allah ne masani. Ta dube ni, na sunkuyar da kai. Daga nan wata nas ta shigar da ni wani ɗaki ta koya mini yadda ake fasa 'yar kwalbar allurar gaggawa, a zuƙa daidai inda ta yi mini alama a sirinji, a soka a gefen cinya ta waje, ko ta kan wando ne. A jikin lemo na koya. Ta ce in na ji muryarsa ta canza ko numfashi ya fara fito, kada in jira, kada kuma in bari ya miƙe ya yi tafiya. Na tuna yadda na jawo shi a ƙafa har bakin titi.

A hanyar gida na ce masa ya daina ciyayya. Ya ce in daina numfashi. Na ce ai shi ne zai daina. Mai keken ya waiwayo ya dube mu.

Tunda ya ƙi, sai na bi ta wurin mata. Na sa hijabi na shiga gidajen lungun ɗaya bayan ɗaya. Aiki ne mai wuya, don tambayar mace me take sa wa a miya kamar tambayarta me ke ƙasan akwatinta ne. Wata ta haɗe rai ta ce tun kafin a haife ni take ciyar da Malam, wato Baba. Wata ta rantse har da hawaye. A wani gida wata amarya ta ɗauko mini dunƙulen miya mai hoton jatan lande a jikin takardarsa, ta ce wallahi ba ta sani ba, ta zubar da sauran a gabana. Na dawo gida da sauƙin zuciya, na ce an kama ɓarawo. Maganar ta kai tabarma, maza suka ji cewa wata 'yar dabbar ruwa ce Malam ba ya ci. Kowa ya leƙa kwanonsa bai ga mai ƙafafu da gashin baki ba, hankalinsa ya kwanta. Namijin da bai taɓa riƙe taɓarya ba ina zai san dakawa ake yi?

Ba a jima ba leɓen ya sake kumbura.

Gida ɗaya ne ban shiga ba, don babu macen da zan tarar. Gidan Baba Hedimasta ne, abokin Baba tun suna makarantar allo. Dogon mutum ne mai tsabta, ko masallaci zai je sai an goge masa riga, kuma shi ya koya wa rabin mazan unguwar karatun boko. Tun da na fara koyarwa yake ce mini Malama, yana yi yana ɗan rusunawa don ya ba ni kunya. Matarsa ta rasu, shi kaɗai yake zaune, amma kowa ya san kullum da yamma matar ɗansa da ke unguwar Tukur-Tukur tana aiko masa da abinci. Kwanonsa ne ma aka fi yabo. Wata rana dafa-duka, wata rana miyar agushi, girkin 'yan boko in ji su. Shi kuwa sai ya gyara zama ya ce yarinyar akwai hankali.

Na hau keke na tafi Tukur-Tukur. Ta karɓe ni da fara'a, ta kawo ruwa. Na yi mata bayani tiryan-tiryan, na roƙe ta don Allah ta daina sa kirefish a abincin surukinta. Sai na ga ta yi tsuru-tsuru. Ta ce wane abinci? Daga baya ta riƙa murza bakin zanenta tana ba ni labari. Sun yi saɓani ne shi da ɗansa a kan maganar sayar da wani sashe na gidan, tsohon ya ce kada a sake kawo masa ko ruwa, ya mayar da kwano sau biyu, shi ma ɗan ya yi zuciya. Damina ta wuce, wata ta zo, tukunyarta ba ta je birni ba. Ta tambaye ni to wa ke ba shi abinci. Na ce ban sani ba, kuma gaskiya na faɗa.

Baba ya sani. Na tarar da shi a ɗaki na rufe ƙofa na gaya masa inda na fito. Ya ajiye allura. Sannan ya ce kullum bayan la'asar Hedimasta yana fita wajen ganuwa, wurin wata mata 'yar kudu da ke sayar wa direbobi abinci. Ya sayo a leda, ya sa a cikin babbar riga, ya zo gida ya juye a kwanon matarsa. Tun lomar farko Baba ya gane ba girkin gida ba ne, daga baya ma ya hango shi da idonsa. Kuma tun karo na biyu ya san a wannan kwanon bakinsa ke fara ƙaiƙayi.

Na ji kamar in kurma ihu. Na ce ya sani, ya bar ni ina yawo gida-gida ina ɓata da mutane? Ya sani yake sa hannu? Ya ce yana ƙoƙari, gefen tuwon yake gutsura, wani lokaci ya ce haƙori ke damunsa. Amma Hedimasta gabansa yake fara tura kwanon, shi yake tsamo wa nama.

"Uwata," ya ce, "kwanon nan shi kaɗai ya rage masa da yake fitowa da shi cikin mutane. Ranar da na janye hannuna zai tambayi dalili. Ranar da ya ji dalili ba zai ƙara fitowa ba."

Na ce to bari in riƙa dafawa ina aika masa. Ya ce aikawar ita ce gaya masa mun sani. Na ce in je wurin mai abincin. Ya ce in je. Na je kuwa, na same ta a rumfarta, mace mai kirki da fara'a. Ta nuna mini robar garin kirefish cike a gefen murhu, ta ce in ban da farar shinkafa da wake babu abin da ba ta zubawa, masu cin abincinta don shi suke zuwa. Ba ta yi laifin komai ba. Na tsaya ina shaƙar ƙamshin da ke neman kashe mini uba, kuma ƙamshi ne mai daɗi.

Baba ya sa na yi masa alkawarin ba zan buɗe baki ba. Na yi, don na ga in ban yi ba zai daina gaya mini komai. Daga nan rayuwata ta koma bayan ƙyaure. Da na miƙa masa kwanonsa sai in ɗauko 'yar jakar allura in tsaya a soron ciki, inda ba a ganina amma ina jin komai. Na koyi ƙarar murfin kowane kwano. Na koyi bambancin tarin Baba na yaji da na gyaran murya da wanda nake tsoro. Ranar da na jiyo ana cewa yau shinkafa da wake yarinyar ta aiko, sai in jingina da bango in yi hamdala. Ranar da na jiyo an ce agushi, sai in buɗe jakar allurar in riƙe. A makaranta yara na karatu ni ina tunanin me matar can ta ɗora yau. Na tsani Hedimasta a lokacin, ina kuma jin tausayinsa, na rasa wanne ya fi yawa.

Ranar da abin ya faru an yi ruwa tun la'asar, don haka aka shigo da tabarma cikin zaure, tsakanina da su ƙyaure ne kawai. Na ji an buɗe kwanon, na ji Hedimasta yana cewa Malam bismillah, yau har da ganda. Na ji shiru irin na masu ci. Sai gyaran murya ɗaya, sai na biyu, sai wani ya ce, "Malam, lafiya?" Ba a amsa ba.

Ban san sanda na tura ƙyauren ba. Tun da aka haife ni ban taɓa tsayawa a tsakiyar wannan tabarma ba, ranar sai da na tsallake kwanuka. Baba ya jingina da bango, idanunsa sun firfito, yana jan iska ba ta shiga. Kwalbar ta ƙi fasuwa, na sa bakin zane na karya ta, na zuƙa a sirinji. Na durƙusa na kama cinyar mahaifina a gaban abokansa na soka. Wasu suka kawar da kai. Ya yunƙura zai tashi, na daka masa tsawar da ban taɓa yi wa ko ɗalibi ba. Na ce a ɗauke shi, ba zai taka ba. Tsofaffin nan suka kama gefen tabarmar da yake kai suka fito da shi cikin lungu, ruwa na gudu a ƙafafunsu. Da na gan su a gabana sun ɗauko shi a kwance, sai na kawar da kai, don na san abin da ake ɗauka haka a lungunmu. Kafin mu kai titi na ji fiton ya fara sassautawa.

A asibiti aka shiga da shi aka bar mu a benci. Sauran suka tafi neman wurin sallar isha, Baba Hedimasta bai tashi ba. Rigarsa ta jiƙe, takalminsa duk taɓo, kuma miyar ta bushe a hannunsa na dama don bai samu ya wanke ba. Yana ta kallon hannun. Can ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Malama, daga nawa ne?"

Na tuna alkawarin da na yi wa Baba. Ta ƙofar da ba a rufe sosai ba ina hango ƙafafun Baba a kan gado.

"Daga naka ne, Baba," na ce. "Dakawa ake yi ya zama gari, ba a ganinsa."

"Shi ya sani?"

"Tun da daɗewa."

Ya gyaɗa kai. Ya ce ke nan na je Tukur-Tukur. Na ce na je. Ya miƙe a hankali kamar wanda ya tsufa a zama ɗaya, ya tambayi wani ma'aikaci inda famfo yake.

Baba ya kwana biyu aka sallamo shi. Da ya koma tabarma ya ga wurin abokinsa babu kowa, bai tambayi kowa ba, ɗakina ya zo kai tsaye. Ya ce na kashe mutum da ransa. Na ce na binne Inna, na yi takaba, ba zan tsaya bayan ƙyaure ina sauraron mutuwarsa don a rufa wa wani asiri ba, in kuma yau aka sake tambayata abin da zan faɗa ke nan. Ya dube ni ya juya. Ya daina ce mini Uwata, in yana son abu sai ya faɗa wa iska.

Kumburin bai sake dawowa ba, amma hankalina bai kwanta ba. Hedimasta ya daina fitowa, har masallaci ya canza zuwa na can bayan layi. Baba ya je ya yi sallama a ƙofarsa, aka ƙi amsawa. Kwanon Baba ya riƙa dawo mini kusan yadda na zuba shi, wuyan rigarsa ya fara yi masa yawa. Wani sabon tsoro ya kama ni. Na san halinsa sarai, zai iya zuwa ya zauna a zauren abokinsa ya ce a kawo ledar nan su ci tare, don dai ya nuna masa babu komai. Duk sanda ya ɗauki sandarsa sai na bi shi da ido har ya sha kwana, in ga wace hanya ya yi.

Wata yamma bayan la'asar ina tuƙa tuwo na ji sallama a zaure. Baba yana masallaci. Na yafa mayafi na fito, sai ga Baba Hedimasta a tsaye, rigarsa a goge kamar kullum, sai dai ta ɗan yi masa yawa shi ma. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa a gajarce. Sannan ya zaro hannu daga cikin riga ya miƙo mini kwanonsa. A wanke yake tas, babu komai a ciki.

"Malama," ya ce, idonsa na kan bango, "abin da kika dafa wa Malam, in akwai saura."

Na ce akwai. Na karɓa da hannu biyu. A madafa na malmala tuwon masara na zuba miyar kuka, na tsamo naman da ya fi kowanne laushi na ɗora. Na kai masa, ya rufe da gefen rigarsa ya fita.

Da magariba na ɗauki jakar allurar na tsaya bayan ƙyaure, don ƙafata ta riga ta saba. Na ji ana jera kwanuka. Na ji hirar ta tsaya cak, sai wani ya ce a matsa a ba Hedimasta wuri. Murfinsa ne na ƙarshe da aka buɗe, kuma kafin kowa ya yi magana na ji muryar Baba, a ɗan dishe, yana cewa a turo masa wannan gabansa.